Tafintan Ruwais da Faifan Khawaja

Ba zan taɓa mantawa da walimar da Kawu Idi ya yi wa maigidansa bara ba, amma kafin mu kai can bari in fara amsa laifina, don daga gwangwanin madara abin ya faro. Wata rana Baba Sale tela, maƙwabcinmu a nan unguwar Ruwais ta Jidda, ya miƙo mini gwangwani ya ce, "Kai da ake cewa kana karanta Turanci a madarasa, gaya mana abin da suka rubuta." Na karɓa, na ɗaure fuska, na faki idonsa na karance gefen da aka rubuta da Larabci a zuci. Sannan na juyo da gefen Turancin, na riƙa bin layi da yatsa ina zuba masa bayani da Hausa: cokali kaza, ruwa kaza, a rufe bayan an buɗe. Baba Sale ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Masha Allah, unguwa ta yi tafinta." Da a nan na faɗi gaskiya, da an yi dariya an wuce. Sai na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Baba."

(Gaskiyar Turancina ga ta: na iya cewa wannan alƙalami ne, waccan ƙofa ce, Ali yana zuwa makaranta da safe. Ranar da Ali ya yi gangancin zuwa wani wurin da ba makaranta ba, to ni da shi mun rabu.)

Kafin mako ya zagayo sunana na yanka ya ɓace, kowa sai Tafinta. Aka riƙa kawo mini kwalin sabulu, gwangwanin kifi, takardar da ake naɗe batir. Wanda ba Larabci a jikinsa akwai hoto, wanda ba hoto kuwa akwai wari. Ban taɓa faɗuwa ba. Tafiyata ma sai da ta canza, na koma taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai a ka.

Shi Kawu Idi ƙanen mahaifiyata ne, direba. Shekara biyar yana tuƙa wani khawaja, wato Bature, injiniya mai aikin shimfiɗa bututun ruwa. Saboda gashin bakin khawajan da ya kai a ɗaure akuya da shi, duk unguwa Abu Shanab muke ce masa, wato mai gashin baki. Aikin kamfaninsu ya ƙare, khawaja zai koma ƙasarsu ƙarshen wata, kuma akwai abu ɗaya da Kawu ke nema a wurinsa ido rufe: takardar shaida da sa hannunsa. Da ita wani kamfanin zai ɗauke shi ya zama sabon kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma. In babu ita, ga iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ta kusa ƙarewa, ga mata da goyo, sai dai ya koma bin ƙofofi daga tushe. Kawu mutum ne mai kunya, ya kasa buɗe baki ya roƙa. Sai ya yanke shawarar ya haɗa walimar bankwana, in ciki ya cika kuma rai ya yi fari, sai ya shigo da maganar.

Ana cikin haka, ran nan ya shigo da garmaho mai batir a hammata da faifai guda ɗaya. Ya ce khawaja ne ya ba shi yana haɗa kaya. "Duk fayafayansa ya jera a akwati," in ji Kawu, "wannan kaɗai ya ware ya ce in tafi da shi. Ka ga kuwa na musamman ne."

Bayan la'asar muka baje a ƙofar shagon Baba Sale aka ɗora allura. Gita ce ta fara, sai wani abin busa mai kuka kamar jariri mai mura, sai ganga a hankali, sannan wani mutum ya shigo da murya kamar wanda ya haɗiyi garin kuka bai bi da ruwa ba. Duk ido ya dawo kaina. Na karkata kunne, na runtse ido, na gyaɗa kai kamar likita yana sauraren ƙirji. Daga farkon waƙar har ƙarshenta kalma uku na kama, kuma na rantse daidai na kama su: gida, ruwa, uba.

Ina nan ina neman ta inda zan ɓullo, Baba Sale ya cece ni bai sani ba. Ya ce, "Tsaya, ai na san karin nan. Na ji wata mata tana yin ta a rediyo."

Kawu ya ce, "Ni ma na ji ta a wani kantin rediyo a Balad, can cikin gari, amma su taro ne, har da amshi."

Baba Sale ya ajiye almakashi, ya gyara zama. Shi da wayonsa ya baro ƙasar Hausa, don haka duk abin da ya shafi can, maganarsa ce ta ƙarshe. Mu da aka haifa a Jidda sai dai mu ce to. Ya ce, "Ku yara ba ku san waƙa ba. Kowace waƙa da mai ita. Mawaƙi ba ya ɓata yawunsa a banza. In kun ji mawaƙa har kashi uku sun taru a kan waƙa ɗaya, namiji da mace da 'yan amshi, to wanda aka yi wa ita ba ƙaramin mutum ba ne. Talaka ko maroƙi ɗaya bai samu ba. Ko ba haka ba, Tafinta?"

Na ce, "Kamar a bakinka aka yi ta, Baba."

Daga nan fa na saki linzami. Na ce cewa yake: uban gida mai babban gida, kyautarka ruwan sama ce, ba ta zaɓen gona, uban marayu, uban baƙi. Aka sake sa faifan, na ƙara masa dawakai. A karo na uku na ba shi jiragen ruwa guda bakwai da rijiyar da ba ta ƙafewa. Kawu ya zabura ya ce, "Ruwa? Ai khawajana aikin ruwa yake. Shi ya sa yake ji da ita. Halas, shi ke nan, ita za mu sa masa ranar walima, kai kuma ka tashi ka fassara wa jama'a, ka sa sunansa a ciki."

Mutum ɗaya ce ba ta yi masha Allah ba, wato Kaka, mahaifiyar su Kawu, wadda ke tsokanata da mijina tun ina cikin zane. Da aka sa faifan a cikin gida ta saurara tana tsince shinkafa, ta ce, "Mijina, da wannan muryar ake yabo a garinsu? To Allah ya sa ana ba shi abinci." Na ce mata Turawa haka suke, in suna murna sai su yi kamar ciki ke ciwo. Ta ce to, ai ni ne mai boko.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci khawaja ya iso. An share tsakar gida, an yayyafa ruwa, an ɗaura rumfa, an aro darduma daga gida uku. Mata sun yi shinkafa bukhari don baƙo, sun yi tuwo da miyar kuka don mutunci, Kawu kuma ya sa an gasa tsire. Khawaja ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar kamar ana naɗe tsani. Ya fara tuwo da cokali, ya ga Baba Sale yana kallonsa da tausayi, sai ya ajiye ya sa hannu. Yajin tsire ya mayar da shi ja kamar tumatir amma bai daina ci ba. Komai na tafiya daidai. Har na ga Kawu yana murmushi shi kaɗai, na san takardar yake karantawa a zuci.

Da aka kawo shayi da na'ana'a Kawu ya ƙyafta mini ido ya ce, "Yalla, tashi." Na miƙe cikin sabon tob fari, doguwar rigar da Baba Sale ya ɗinka mini musamman, na ɗora allura, na ja baya, na dafa ƙirji.

Gita na farawa hannun khawaja ya tsaya cak da kofin shayi tsakanin tire da baki. Na ce a raina, ta shige shi. Na ɗaga murya: "Abu Shanab uban gida, mai babban gida. Ruwan sama ba ka zaɓen gona." Baba Sale yana amsawa, "Gaskiya ne." Na ba shi dawakai, na ba shi jirage, na ƙara masa raƙuma ɗari da ban taɓa ambata ba ko a gwaji. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa daga cikin ɗaki. Ina dubawa sai ga hawaye na gangarowa daga idon khawaja suna shigewa cikin gashin baki suna ɓacewa kamar ruwa a yashi.

Kawu ya raɗa mini, "Ka ga ya ji daɗi har da kuka. Maimaita."

Na maimaita. (Ku dubi girman Allah, sau biyu.) Ban kai ga raƙuma ba khawaja ya miƙa dogon hannunsa ya ɗage allurar da kansa. Ya share fuska da hankici, ya dubi Kawu, ya tambaya da guntun Larabcinsa, "Esh hada, ya Idris? Me yaron ke cewa?"

Kawu ya gyara zama da alfahari ya yi masa bayani da Larabci tiryan-tiryan: waƙar yabon babban mutum ce mai kyauta kamar ruwa, mai dawakai da jirage da raƙuma ɗari, ɗan 'yar'uwarsa da ya ƙware a Turanci ne ya fassara, mun sa sunanka a ciki don kai ma haka kake a wurinmu.

Khawaja ya juyo gare ni ya yi mini wata doguwar magana da Turanci. Na kasa kunne iya ƙarfina. Babu alƙalami a ciki, babu ƙofa, Ali ko leƙowa bai yi ba. Na ce masa e da Turanci. Ya sake wata maganar, na ce e. Ya yi ta uku, gajeriya, na sake cewa e. (Daga baya na ji cewa ta ukun tambayata ya yi sunana.)

Sai ya gyaɗa kai a hankali ya koma Larabci, irin nasa mai ɗingishi, amma kowa a wurin ya gane. Ya ce waƙar ba ta yabo ba ce. Labarin wani mutum ne da ya daɗe a nesa, ya dawo garinsu ya tarar an datse kogi, ruwa ya shanye garin baki ɗaya. Yana tsaye a inda hanya ta nutse cikin ruwa, yana nuna wurin da gidan ubansa yake a ƙasa. Ya ce ƙaninsa ne ke yawan rera ta da gita tun suna samari. Ƙanin ya rasu shekara biyu da suka wuce, shi yana nan Jidda, ko jana'iza bai samu ba. Ya ce faifan ya gagare shi saurare, ya kuma gagare shi jefarwa, shi ya sa ya ba Idris.

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ƙasar ma kunyarta nake ji. Baba Sale ya mayar da tabarau ya shiga nazarin ɗinkin rumfa kamar shi aka ba kwangilar gyaranta. Kawu bai ɗaga murya ba, kallona kawai ya yi ya ce, "Tafinta," a hankali, kuma da ya kwaɗa mini mari da ya fi sauƙi. Mun gayyato mutum, mun cika masa ciki, mun tono masa mamaci sau biyu da guɗa. Wa zai iya buɗe baki bayan wannan ya ce a ba shi takarda?

A nan ne labule ya motsa, Kaka ta fito da carbinta ta zauna a bakin ƙofa. Ita tsufa ya ba ta izinin shiga duk inda ta ga dama. Shekarunta a Jidda sun fi na mahaifiyata, amma Larabcinta na salla ne da na cinikin kifi, sauran ta ce ba ta da wurin ajiye shi.

Ta ce, "Mijina, me aka yi wa baƙo yake kuka a gidana?"

Na dubi ƙafafuna na gaya mata duka, har da cewa kalma uku kawai na ji a waƙar, sauran daga cikina suka fito. Ta ce, "Wannan mu yi shi daga baya. Matso nan. Za ka gaya masa abin da zan faɗa, kuma kada ka ƙara gishiri, na san hannunka."

Ta yi masa gaisuwar rashi cikakkiya, irin wadda ake yi a zaure: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya aka ji da rashi, shi ya riga mu ne kawai, Allah ya ba da dangana. Na juya masa ita da Larabci ɗaya bayan ɗaya. Khawaja ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Ya ce tun da abin ya faru ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa haka, a wurin aiki hannu kawai aka ba shi. Na juya wa Kaka. Ta ce, "Shekara biyu ba gaisuwa? Ashe da nauyi yake yawo."

Ya tambaye ta ina ne garinsu. Ta gaya masa ta baro shi tana amarya, da ƙafa, ita da marigayi Kakanmu, suna tafe suna tsayawa noma a hanya har ta Sudan, kafin su ga teku ta haifi biyu. Ta ce, "Gaya masa garina yana nan, ba ruwan da ya ci shi. Amma in na koma yau, wa zai fito ya ce Ladi ce? Mutumin cikin waƙar nan ba gini yake wa kuka ba. Ya zo da sallama a bakinsa ne bai sami wanda zai amsa ba."

Da na juya, khawaja ya buɗe ido. Ya ce abin da ƙaninsa ke cewa ke nan, sun yi shekaru suna musu a kai. Shi a ganinsa waƙar ƙara ce ake kai masu datse kogi, waɗanda ke zana layi a takarda ba su tambayi mutanen gari ba, kuma ya san haka ne don irin aikinsa ke nan. Ya ce a ƙasarsu ma ba a daidaita ba, wasu na cewa tsufa ake nufi, wasu mutuwa, kowane mawaƙi da inda yake karkata ta.

Kaka ta ce, "In ƙara ce, me ya sa bai zagi kowa ba?"

Khawaja ya ce ai a baiti na uku ya ambaci mutanen da suka zo da ma'auni.

Kaka ta ce, "Ambato daban, zagi daban. Ni ma ina ambaton surukata."

Haka fa suka kama. Tsohuwar da ba ta jin kalma ɗaya a waƙar da injiniyan da ya haddace ta, suna musu kamar masu rabon gado, ni a tsakiya ina juya Hausa zuwa Larabci, Larabci zuwa Hausa, gumi ya jiƙa sabon tob. Kawu kuwa duk lokacin da uwarsa ta ɗaga yatsa ga maigidansa sai ya rufe ido. Sau ɗaya na so in yi gyara. Kaka ta ce, "Gaya masa taurin kai gare shi kamar jakin mai ruwa." Na ce masa Hajiya ta ce kai mutum ne mai tsayawa a kan ra'ayinsa. Ya gyaɗa kai da ladabi. Kaka ta harare ni ta ce, "Bai yi dariya ba, ba ka faɗa ba." Na faɗa, da jakin da komai. Khawaja ya yi dariyar da sai da gashin bakinsa ya yi rawa, ya ce ƙaninsa ma da wata dabba yake kwatanta shi.

Sai da aka kira la'asar suka tsaya, ba wanda ya sallama wa wani. Da zai tafi ya roƙi Kawu ya mayar masa da faifan, garmahon kuwa a bar wa Hajiya. Ya miƙo mini hannu ya ce ya ji fassarar waƙar nan iri-iri a rayuwarsa, amma yau ne ya fara jin mai raƙuma. Sannan ya ce wa Kawu, a gaban Baba Sale da kowa, yaron nan ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma tafinta ne na gaske, don awa guda yana tsakanin mutum biyu masu taurin kai bai zubar da ko kalma ba. Ni da nake ta haƙilon harshen da ban iya ba, ban taɓa lissafa biyun da nake kwana da su nake tashi da su a bakin komai ba. Na so in yi taku ɗai-ɗai zuwa ƙofa, sai na tuna Kaka ta ce akwai maganar da za mu yi daga baya. (An yi ta. Kunnena na hagu ya fi na dama tsawo har yau.)

Abin da na koya dai shi ne, in kalma uku ka ji, ka faɗi uku ka rufe bakinka, raƙuma kuwa ka bar wa masu su.

Kawu bai sami bakin roƙon takardar ba ran nan, kuma kwana uku ba ya amsa gaisuwata. A rana ta huɗu khawaja ya miƙa masa ambulan a mota ba tare da an tambaye shi ba, shafi biyu cur da Turanci. Ina zaune a ƙofar gida Kawu ya zo da ita a hannu. Na miƙe na gyara wuyan riga. Ya raɓa ta gefena ya wuce, ya kai wa Ba'indiyen da ke kantin magani a bakin titi ya karanta masa. Wata bai ƙare ba ya fara aiki a sabon kamfani.